Ra'ayinmu: A Bar Hirar Asabar Yadda Take

Kusan shekara guda ke nan ana wani zama a ɗakin karatu na gwamnati da ke garinmu, duk Asabar daga bayan La'asar zuwa kiran Magariba. Ba shi da shugaba, ba a rubuta sunayen mahalarta. Ma'aikacin ɗakin kan jawo benci uku zuwa baranda, wanda ya zo ya zauna: malamai 'yan fansho, 'yan mata masu shirin jarrabawa, da wani tela da ba ya fashi. A taron reshe na watan jiya an kawo shawara ƙungiya ta karɓi zaman nan, ta tsara masa jadawali, ta zaɓi littattafan da za a tattauna, a kuma daina zancen fina-finai da littattafan soyayya. Mun san da kyakkyawar niyya aka kawo ta, amma ba mu goyi bayanta ba.

Dalilinmu shi ne abin da muka gani da idonmu. Wata Asabar hira ta tashi daga shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24, har wata yarinya ta ce 'yan fim ɗinmu ba su san komai ba sai soyayya. Wani dattijo ya ce mata ai tun 1976 Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar fim. Ba ta taɓa jin littafin ba. Nan aka gaya mata cewa Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta shi tun kafin siyasa, domin gasar da Rupert East ya shirya a 1933, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Dukansu uku kuwa sun riƙe alli kamar yadda muke riƙewa. Daga nan magana ta gangara kan cinikin bayi, da hanyar Sahara da ta bi ta Murzuk zuwa Tarabulus, da uwar da ta bi sawun ɗanta. Tela ya ce kakarsa ta sha ba su labarin wani ɗan uwanta da aka kama bai dawo ba. Wurin ya yi tsit. Kafin a watse yarinyar ta ari littafin, kwafi ɗaya tilo da ke kan kanta, bangonsa ma ya rabu.

Wane jadawali ne zai tsara wannan? Da an hana zancen fim, da ba a kai ga Shaihu Umar ba.

Mu tuna kuma an cire darasin Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare fiye da shekara goma, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin maido shi. Yaran da suka wuce ta hannunmu a tsakanin nan sun zama iyaye, wasunsu ma abokan aikinmu ne yau. Ba za su koma aji ba. Baranda irin wannan na cikin 'yan wuraren da za su yi tambaya ba tare da jin kunya ba.

Game da littattafan soyayya, ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mun sha ƙwace su daga ƙarƙashin tebur, kuma a lokacin darasi haka ya dace. Sai dai ɗalibai da yawa, musamman mata, a cikin irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino bakinsu ya faɗa da karatun Hausa. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙarama, an fassara shi zuwa Turanci a 2012, ana nazarinsa a jami'o'i. Akwai na banza a cikinsu, ba mu musa ba. Amma wanda aka bari ya faɗi abin da ya karanta a gaban manya, shi ne ake iya nuna wa bambancin tsaki da tsakuwa.

Muna da wata ɗabi'a, mu malamai: duk inda muka zauna sai mun mayar da shi aji. Wanda zai je, ya bar jan birunsa a gida, ya tafi da maiɗakinsa ko maigidanta da yara, ya fi sauraro a kan gyara. In an yi kuskuren shekara ko suna, a bari wani ya fara gyarawa.

Abin da zaman ke bukata daga reshe kaɗan ne. Fitila mai aiki da hasken rana, domin duhu kan riga hirar ƙarewa. Wasiƙa zuwa ga hukumar ɗakin karatu, a nemi ta amince da buɗewar yammacin Asabar a rubuce, tun da yanzu ma'aikaci ɗaya ne ke sadaukar da hutunsa. Sai littattafai: mai kwafin Magana Jari Ce ko Shaihu Umar da ke kwance a akwati, ya miƙa wa sakataren reshe kafin taron wata mai zuwa.