Ramuka Bakwai a Bayan Liba

Asabar ɗin da ta wuce na je Liba gaisuwar rasuwa, kuma har yau abin da na gani a bayan gari yana ci mini tuwo a ƙwarya. Bayan la'asar Kawu ya ce in raka shi daji ya samo saiwar sanya, ciwon kai ya matsa wa uwargidansa. Muka ratsa gonakin geron da aka girbe, muka yi tafiyar fiye da awa ɗaya. Wurin da ya ce tun yana yaro sanya take a jere, ramuka muka tarar. Na ƙirga bakwai. Kowanne ya kai gwiwa, itacen yana kwance a gefe ya bushe, an kwashe saiwar tas kamar an tone rogo.

Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai yaro, wanga ba aikin mai magani ba na, aikin mai buhu na."

Bahaushe bai raɗa wa sanya suna uwar magunguna a banza ba. Ka karya saiwarta ka sansana, ƙamshin man zafi zai buge ka, domin sinadari ɗaya ne a cikinsu. Ana shaƙa garinta don ciwon kai, ana shafawa a gaɓoɓi, ana barbaɗawa a hatsi don korar ƙwari. Kuma tana da dafi idan aka zarce ƙima, abin da tsofaffi suka sani sarai. Waɗannan tsofaffin suna da ƙa'ida. Ta gefe guda ake tonawa, a yanki saiwa ɗaya ko biyu, a mayar da ƙasa a danne da ƙafa, kuma ba a komawa gindin nan sai shekara ta zagayo. Haka bishiya ɗaya take yi wa kaka magani ta yi wa jika. Mai buhu kuwa ba ruwansa da baɗi. An ba shi kuɗin awo, gobe mota za ta tashi zuwa Jega, daga can sai birni.

Abin da ya sa lamarin ya fi muni shi ne sanya ba ta da saurin haihuwa. Ɗanta mai fiffike ne, iska na ɗaukarsa, amma tsirowarsa da wuya, idan kuma ya tsiro ba ya son a cire shi a dasa wani wuri. Ga gobarar daji, ga awaki. Wanda ya tumɓuke babba guda ya share aikin shekaru masu yawa cikin hantsi ɗaya.

Na san za a ce talauci ne, kuma ban musa ba. Amma wa yake saye? Mu ne. Dubi masu tallar magani da lasifika a kasuwa. Mutum ya tsaya a bayan mota yana rantsuwa cewa ƙulli ɗaya yana maganin basir da shawara da sanyin mara da sammu, bai san ko ganyen bishiyar ba, bai taɓa zuwa gindinta ba. Wannan ba gadon magani ba ne, cin amana ne, kuma dajinmu ne yake biyan kuɗin ihunsa. Dubi madaci a bakin hanya, an feɗe ɓawonsa zagaye har ya mutu a tsaye. Dubi hano. Dubi kirya da masu gawayi suka gama da ita.

Mun ga yadda aka yi da madobiya. Sai da aka yi ta lodin gungumenta daga Taraba zuwa ƙasar Sin, sannan a 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES take sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. Madobiya ta samu masu yi mata kuka ne don tana kawo dala. Sanya ba ta hawa jirgin ruwa, a buhun taki take tafiya, shi ya sa babu mai ƙirga ta. A Afirka ta Kudu tana cikin itatuwan da doka ta hana a taɓa ba da izini ba. Mu da muke kiranta uwa, ko sarkin daji ba ya tambaya.

Duk damina sai a taru a dasa dogon yaro da turare, a ɗauki hoto, a watse. Ban ƙi inuwa ba, amma dogon yaro baƙon Indiya ne, kuma ko an ƙyale shi zai rayu. Ga jami'a a Aliero tun 2006, garin da masu ɗorinsa suka yi suna har wajen Kebbi. Me zai hana malaman tsirrai su zauna da irin su Kawu, a koyi yadda ake tsirar da sanya, hakimai kuma su keɓe inda ta rage?

Da za mu juyo, Kawu ya shiga rami na ƙarshe ya yi ta tono da hannu har ya samo guntun saiwa kamar ɗan yatsa da mai buhu ya bari. Ya goge ta da gefen riga, ya miƙo mini. Har yanzu da ƙamshinta.