Farfesa Ba Sarauta Ba Ce

Akwai waɗansu mutane a ƙasar Dutse masu zaton Farfesa sarauta ce, wai mai kuɗi ko mai uwa a gindin murhu ake naɗawa. Wannan zance ba shi da tushe. Malamin jami'a ba ya samun wannan muƙami sai ya shekara da shekaru yana koyarwa, yana bincike, yana rubuta abin da ya gano. Sa'an nan a aika da rubuce-rubucensa ga manyan malaman waɗansu jami'o'i su auna. In sun ce bai kai ba, to, bai kai ba, ko ɗan wane ne.

Abin haushi, masu wannan zato su ne kuma kan cire 'ya'yansu mata daga makaranta, wai karatun mace ɓata lokaci ne. Ashe ba su san Jami'ar Tarayya ta Dutse ba, wadda aka kafa a 2011? A 2016 mace aka ba shugabancinta, watau Farfesa Fatima Batul Mukhtar, masaniyar ilmin tsirrai, ta riƙe har shekara biyar. Farfesa Ruqayyatu Ahmed Rufa'i ta Ringim kuwa, ita ce Ministar Ilmi ta Nijeriya duka daga 2010 zuwa 2013.