Safar Hannu Iri-Iri Ce Kamar Hatsi, A Sayar Da Kowace Da Sunanta

 Ina roƙon ɗan fili a gefen farashin gero da dawa, in yi magana a kan wata ƙaramar haja da ta cika kasuwanninmu, watau safar hannu ta saƙa, irin wadda magina da leburori da 'yan dako ke sawa. Sana'ata hatsi ce. Amma duk buhun da na saya ko na sayar, hannun wani ne ya ɗinke bakinsa, hannun wani ya sa masa magani, hannun wani kuma ya ɗora shi a mota. Don haka maganar ta shafe ni.

Abin da ke damuna shi ne ana sayar da safar nan da suna ɗaya tak. Mutum ya zo ya ce a ba shi safar aiki, sai a miƙa masa wadda ke kusa, ba a tambaye shi wane aiki zai yi ba. Alhali kuwa a wajenmu ba mai sayar da maiwa da sunan gero, ko tsohon wake da sunan sabo, ya zauna lafiya. Ni a ganina safar hannu ta fi hatsi cancantar wannan adalci, domin in an cuce ka a hatsi aljihunka ne zai yi kuka, in an cuce ka a safa kuwa yatsanka ne.

Farko dai a san yadda ake yin ta. Ba ƙyalle ake yankawa a ɗinka ba. Inji ne ke saƙa ta a dunƙule daga zare. Yakan fara daga kan yatsa, in ya gama wannan ya kama na gaba, ya haɗa huɗun ya shiga tafi, ya kawo babban yatsa, sa'an nan ya rufe da wuyan hannu inda ake cusa zaren roba don ta kama. Cikin 'yan mintoci ta faɗo, ba ɗinki a yatsu ko a tafi. Wani mutumin Japan mai suna Masahiro Shima, ɗan garin Wakayama, shi ya kafa kamfanin Shima Seiki a 1962. A 1964 ya fito da injin da ke saƙa safa shi kaɗai, a 1970 kuma ya fito da mai saƙa marar ɗinki. Kafin nan da hannu ake haɗa yatsu da tafi. Yau irin wannan inji ya yaɗu, ma'aikaci ɗaya yana kula da injuna masu yawa, shi ya sa hajar ta yi araha. Galibin wadda ke shigo mana daga ƙasar Sin take.

To, a nan bambanci ke farawa. Injin yana da allurai a jere, kuma yawansu a cikin inci ɗaya shi ake kira geji. Geji 7 allura 7 ke nan a inci, zare mai kauri, saƙa mai manyan idanu. Geji 10 tsaka-tsaki ce. Geji 13 da 15 da 18 saƙa ce mai laushi wadda ke lafewa a hannu, har mutum ya iya ɗaukar ƙusa ko ya ɗaure igiya bai cire ta ba. Mai ɗaukar bulo da mai gyaran inji ba geji ɗaya za su nema ba.

Na biyu shi ne nauyi, kuma ku masu sari ku riƙe wannan da kyau. Farar safar auduga a ma'aikata da nauyin dozin ake cinikinta, watau ƙafa 12. Dozin mai giram 400 da mai giram 700 kusan ɗaya suke a ido in suna cikin leda, amma zaren da ke jikinsu ba ɗaya ba ne, kwanakinsu ma ba ɗaya ba ne. Mu da muke kwana muna tashi da sikeli, me ya hana mu ɗora dozin ɗaya a kai kafin mu biya kuɗin katan? In an ce maka 600 ka ga 450, an rage maka rubu'in haja ke nan, kamar wanda ya auna maka tiya uku ya karɓi kuɗin huɗu.

Na uku zare. Mai araha auduga ce gauraye da zaren roba, sau da yawa ma ragowar yadi ne aka sake kaɗawa. Tana shan gumi, tana hana ƙanta da bororo, tana rage ƙaiƙayi. Iyakarta ke nan, wuƙa ko bakin kwano ba ta san da ita ba. Wadda ke tare yanka da wani zare ake saƙa ta. Akwai Kevlar, ruwan ɗorawa, wanda aka gano a kamfanin DuPont na Amurka a 1965. Yana jure yanka da zafi, amma zama a rana yana raunana shi, saboda haka ba hajar shanyawa a bakin rumfa ba ce. Akwai kuma irin Dyneema, fari ko toka-toka, mai jure yanka ƙwarai, sai dai zafi kaɗan sama da na tafasasshen ruwa yana lalata shi. Kada ka ba maƙeri ko mai walda ita.

Na huɗu abin da aka shafa a tafi. Bayan saƙa, akan sa safar a hannun ƙarfe a tsoma cikin ruwan danƙo, a gasa ta bushe. Wata kuma ɗigo-ɗigon roba ake buga mata. Mai ɗigo tana riƙe busasshen abu, ta dace da buhun leda mai santsi, in kuwa ɗigon ciki da baya ne ana juya ta hannu biyu ta ƙara kwana. Mai danƙon itace tana da riƙo da miƙewa, amma mai da fetur da giris suna narka ta, wasu mutane kuma fatarsu ba ta son ta. Mai naitiral ita ce ta mai, watau ta bakanike da masu gangunan man gyaɗa da manja.

Turawa sun sa wa wannan haja ma'auni, sunansa EN 388. Za ka ga ɗan hoto kamar garkuwa a bayan safar, da lambobi huɗu a ƙarƙashinsa. Ta farko juriyar goga, daga 1 zuwa 4. Ta biyu juriyar yanka, daga 1 zuwa 5. Ta uku juriyar yagewa, ta huɗu juriyar huda, kowace daga 1 zuwa 4. A gwajin goga, lamba 1 zagaye 100 ce a kan takarda mai kaushi, lamba 4 kuwa zagaye 8,000. Daga 2016 aka ƙara harafi ɗaya daga A zuwa F don gwajin yanka na biyu, F ta fi ƙarfi. Inda ka ga X, ba a gwada ba. Misali in ka ga 4131, ka san tana jure goga sosai amma a wajen yanka ita ce ta ƙasa. Lambobin nan guda huɗu ne kawai, wanda ya haddace farashin haja ashirin kowace safiya ba za su gagare shi ba. Sai dai a sani tawada ba ta da tsada, kowa na iya buga lamba. Ka ja safar, ka ɗaga ta ga haske, ka murza tafin, ka auna. Gani ya kori ji.

Yanzu ga wurare uku da safar saƙa ke cutarwa in an sayar da ita da jahilci, kuma dukansu a harkarmu ta hatsi suke.

Ɗaya, maganin feshi. Saƙa ido gare ta, zare kuma yana shan ruwa. Mai feshi in ya sa safar auduga, sai ta sha magani ta riƙe masa shi a fata yini guda. Ko mai danƙo a tafi bayanta a buɗe yake. Maganin ruwa sai safar roba zalla mai tsawo, marar auduga a ciki. Ƙwayar Phostoxin da ake sa wa hatsi kuwa busasshiyar safa take so, domin danshi ne ke tayar da gubarta, kuma safa hannu kawai ta tsare, hayaƙin yana nan yana kisa.

Biyu, inji mai juyawa. Injin niƙa, injin casa, bel da ke gudu, ba a kusantarsu da safa ko wace iri. Zare ɗaya in ya maƙale, safar ba ta tsinkewa da wuri, sai ta ja hannu ciki. A nan wadda ta fi ƙarfi ita ta fi haɗari.

Uku, basilla. Masu ɗinkin buhu su sani ko safar da ke tare wuƙa ba ta tare tsini, domin tsini ta idon saƙa yake bi. Gwajin huda ma da ƙarfe mai kauri kamar ƙusa ake yin sa.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce mai saye ne ya zaɓi mai araha, ni ina ruwana. To, Alhaji, ya zaɓa ne bayan ka gaya masa aibinta, ko kuwa shiru ka yi? Duk wanda ya zauna gaban malam ya ji labarin ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya umarci mai kaya ya fito da jiƙaƙƙen sama mutane su gani. Ɓoye aibin haja algus ne, ko hajar ta kwabo ce. 'Yan dako kuma sukan ce safa zafi gare ta, hannunsu ya riga ya yi ƙanta. Akwai gaskiya a ciki, da rani mai danƙo tana dafa hannu. Maganinsa a ba su marar danƙo mai ɗigo wadda iska ke ratsawa. Ƙanta tana tare goga, amma ba ta tare bakin kwanon mota ko tsohuwar waya mai tsatsa. Ɗan dako ba shi da albashi, ranar da hannunsa ya ɗaure ranar gidansa ba a ɗora tukunya ba.

Saboda haka ga roƙona. Masu sari su rubuta geji da nauyin dozin a jikin katan, su sayar a kan haka. Masu rumfa su tambayi mai saye aikinsa kafin su miƙa. Mu masu hatsi kuma, da ke loda buhu mai kilo 100 a kan 'ya'yan mutane, mu riƙa sayen dozin muna rabawa, kuɗinta bai kai abin da ke zuba a ƙasa wajen lodin mota ɗaya ba. Shugabannin kasuwa da na 'yan dako su taimaka da tunatarwa, musamman a kan feshi da inji. Wannan takarda ma in ta ga dama, ta riƙa jera farashin safa iri-iri yadda take jera na wake fari da ja.

Allah ya ba mu ciniki na halal, ya tsare hannuwan masu nema.