Kujerar jirgi ba albashi ba ce

"Ai gata aka yi mata." Abin da za ka ji ke nan duk lokacin da Hajiya ta tafi Umra ko Dubai ko hutu a Landan tare da yarinyar da ke mata raino. Maƙwabta su yi ta sa albarka, iyayen yarinyar a ƙauye su yi ta godiya, ba wanda zai tambayi nawa aka ƙara mata. Galibi ko sisin kwabo ba a ƙara ba. Ana ganin tikiti da biza sun wadatar, har ma ita ake bi bashin godiya.

Wannan tunani zalunci ne, ko da masu yin sa ba su sani ba. Hajiya ba ta sayi tikitin nan don yarinya ta buɗe ido ba. Ta saya ne don ta samu damar yin ɗawafi ko shiga kasuwa hannu sake. A gida mai raino tana da lokacin da za ta miƙe ƙafa, tana da ƙawa a maƙwabta, wani lokaci akwai kuku ko mai wanki da ke rage mata. A otal ita kaɗai ce: goyo a filin jirgi, jan akwati, wankin kayan yara a banɗaki, kwana a ƙasa kusa da jariri, tashi duk sanda ya motsa. Aiki ya ninka, hutu ya ɓace, ga ta a garin da ba ta jin harshensu, fasfonta kuma yana cikin jakar uwar ɗakinta. Akwai wadda za ta yi mako biyu a Makka cikin azumi ba ta samu sallar tarawihi ko ɗaya a Harami ba, ta dawo ana kiran ta mai sa'a.

Shi kansa Alhaji, in ofis ya tura shi Landan, alawus ɗin tafiya yake karɓa a kan albashinsa, kwana nawa kuɗi nawa. Ba a taɓa ce masa ganin Landan ya ishe shi lada ba. Me ya sa ƙa'idar ke canzawa idan ta zo kan 'yar talaka?

Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ta mai da mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000, amma ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka 'yan aikin gida na waje. Sai dai duniya ta daɗe da tsai da magana. Yarjejeniya ta 189 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2011, ta tanadi hutun awa 24 a jere kowane mako ga mai aikin gida, da haƙƙinta na riƙe takardun tafiyarta a hannunta. Birtaniya kuwa, in ka shiga da mai aiki a kan bizar aikin gida ta wata shida, dole ka biya ta mafi ƙarancin albashin ƙasar, wanda da awa ake lissafa shi. Wanda ya kai ta can yana biyan ta kuɗin Kano ya karya doka.

Za a ce ai kamar 'ya aka ɗauke ta. To, 'yar gida ba a tashin ta ƙarfe uku na dare ta canza wa jariri kunzugu alhali uwarsa na barci.

Hajiya, kafin a nemi biza ki zaunar da ita. Ki tambaye ta ko tana son tafiyar, kuma ta iya cewa a'a ba tare da ta rasa aikinta ba. Ku tsai da kuɗin kowace rana ƙari a kan albashinta, a hannunta za a damƙa, ban da dillaliyar da ta kawo ta. Ki ba ta gado, da ranar hutu, da layin waya da za ta kira gida, ki bar mata fasfonta. In lissafin ya fi ƙarfin aljihunki, ki bar ta a gida ki goya ɗanki da kanki.