Tafsirin da ka naɗa daga rediyo, hakkin wa ne?

Ya ɗan'uwa mai karatu, kai da ke koyarwa a Islamiyya ko a lakwal, da kai da ke loda karatu a memuwar kana sayarwa a bakin kasuwa, da ku nake magana yau.

Azumi na kamawa, gidajen rediyo daga Yamai zuwa Damagaram sai su cika da tafsiri. Kai kuma ka ɗora waya, ka naɗe, ka datse gabatarwar da ke ɗauke da sunan malamin da na tashar, ka zuba a memuwar, ka karɓi kuɗinka. In an yi maka magana ka ce ilimi na Allah ne, babu mai shi. Gaskiya ne, ilimi na Allah ne. To amma wutar da tashar ta biya, da man janareto, da albashin mai ɗaukar sauti, da shekarun da malamin ya kwashe a zaure yana durƙuso gaban malamansa, su ma kyauta suka zo? Kuma in na Allah ne babu mai shi, da wane dalili ka sa masa farashi?

Na san hujjarka ta biyu: hadisin da ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye. Ka ajiye shi a inda ba gurbinsa ba. Malamin da ya zauna gaban makirfo wata guda yana karantar da duniya bai ɓoye kome ba. Neman izininsa kafin a yaɗa muryarsa ba ya hana kowa sani. A mazhabarmu ta Malikiyya an halatta karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani kansa, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muka karanta tun muna yara, ta kawo wannan. Majalisar Fiƙhu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin Disamba 1988, ta zartar cewa hakkin wallafa da na ƙirƙira abin tsarewa ne a shari'a, ba ya halatta a keta shi.

Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne datse suna. Wannan al'umma da isnadi ta tsare addininta, tana tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji. Yau sai ga fatawa ta minti biyu tana yawo a WhatsApp, ba suna, ba rana, ba tambayar da aka amsa. Malami ya yi sharaɗi a farkon magana, ka yanke sharaɗin, wata baiwar Allah a ƙauye ta gina hukuncin aurenta ko na azuminta a kan guntun. Wa zai ɗauki wannan nauyi ranar gobe?

Kai malamin aji, lamarinka da sauƙi. Yarjejeniyar Bangi, wadda Nijar ke cikinta a ƙarƙashin OAPI, ta bar ƙofar amfani da aikin wani domin misali a koyarwa, da sharaɗin a ambaci mai aikin da inda aka ɗauko. A Ingila har hukuma suka yi, ERA, wadda makarantu ke biya a ba su lasisin naɗar shirye-shiryen rediyo da talabijin don darasi, kuɗin kuma ya koma ga masu hakki. Mutanen da ba su karanta Risala ba sun tsara wannan, mu kuma sallama ta neman izini ta gagare mu.

Saboda haka in za ka naɗa don ɗalibanka, bar gabatarwar yadda take, rubuta sunan malami da tasha da rana, kada ka yanke magana a tsakiyar hukunci. In kuwa sayarwa za ka yi ko yaɗawa a tasharka, je ka ga malamin da gidan rediyon tukuna. Da yawansu za su ce maka sun yafe, har su ba ka sautin asali wanda ya fi naka tsabta. Wanda ya ƙi, hakkinsa ne, ka bar masa. Ofishin kare hakkin mawallafa na ƙasa, BNDA, yana Yamai ga mai son sanin ƙa'ida dalla-dalla. Wanda ya riga ya sayar kuwa, ya lissafa abin da ya samu, ya je ya nemi a warware masa tun masu hakkin suna raye.