Kwamfutar Allo da Alli

Zancenmu na wannan wata a kan makarantun sanawi ne da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda yaranmu suka fi sani da hasub.

Darasin kwamfuta ba baƙo ba ne a manhajar Sudan, har yana cikin waɗanda ɗalibi kan zaɓa a jarrabawar Shahada. Amma a yawancin makarantun ƙauye da alli ake koyar da shi. Ustaz ya zana na'urar a allo, yara su haddace sunayen sassanta, su ci jarrabawa, alhali yatsansu bai taɓa dangwalar ta ba. Malamin lissafi da na kimiyya kuwa ba ruwansu da ita.

Sai ga yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023, makarantu suka rufe. Madani ta faɗi a Disamba 2023, soja ba su karɓo ta ba sai Janairu 2025. A Fabrairu 2024 aka yanke waya da intanet, Jazira ta yi wata da watanni shiru. Kun tuna yadda aka riƙa biyan kuɗi a wurin masu Starlink don kawai a duba ko ɗan'uwa ya aiko da wani abu ta Bankak. 'Yan Shahadar 2023 ba su zauna jarrabawa ba sai ƙarshen Disamba 2024, kuma wanda ya samu littattafai da bayanin malamai a cikin waya ya fi wanda bai samu ba nisa.

To, tun da maganar gyaran makarantu ake yi, ni a ganina kada mu fara da roƙon kwamfutoci. Me za su yi a ƙauye ko kambon da ba lantarki? Faifan hasken rana da batir su ne farko. Sa'an nan a zuba darussa cikin na'ura guda yadda za su buɗu ko babu intanet, kowane yaro ya kwasa da wayar gidansu. 'Yan mata fa? A gidajenmu da yawa waya tana aljihun uba ko yaya, saboda haka sai makaranta ta ware musu lokacinsu.

Babban aikin dai yana kan malami. Ga kwalejin horon malamai ta Jami'ar Jazira nan Kamlin. Ya kamata duk wanda zai fito daga cikinta ya iya koyar da darasinsa da na'ura, ko da Larabci ne ko tarihi, tsofaffin malamai kuma a kira su kwas lokacin hutu.

Iyaye, majalisar iyayen yara tamu ce mu ma, ko da Larabcin wani bai nuna ba. Ku halarta, ku tambayi shugaban makaranta ko akwai na'ura, wa ke riƙe da mabuɗin ɗakin, kuma sau nawa a mako ake buɗe shi.