Gadonmu Yana Bakin Gara

Tun 1870 Misirawa suka kafa Darul Kutub a Alƙahira domin adana littattafan kakanninsu. Mu fa? Labarin yaƙe-yaƙen Zamfara da faɗuwar Alƙalawa a 1808, da Larabci Muhammadu Bello ya rubuta shi cikin Infaƙul Maisuri. Mu nawa ne za mu iya karanta shi? A zaurukan malaman Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi akwai littattafai cikin gafaka. Gara tana ci, 'yan bindiga suna korar masu su.

Ya 'yan'uwa ɗalibai, mu koyi Larabci. In an yi hutu, kowa ya durƙusa gaban malamin garinsu, ya nemi izini, ya ɗauki hoton abin da ya rage. Wanda ya ƙone ya tafi ke nan.